Wankan Jikar Mama Ekila

A Bosenge, can bakin kogin Tshuapa, in ka tara samari da 'yan mata goma ka tambaye su wanda ya yi musu wankan farko a duniya, takwas za su ce Mama Ekila. Sauran biyun in ka bincika, a wani gari aka haife su. Ba ungozoma ba ce, ba ta karɓar haihuwa. Sai an yanke cibiya an ji kuka, sannan a aika mata. Ta zo da ɗan bahonta, ta gwada zafin ruwa da gwiwar hannu, ta ɗora jinjiri a cinya tana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar sun daɗe da sanin juna. Wajen kakarta ta koya tun tana budurwa. Ba wanda ke biyanta. Mai hali ya aiko da kifi banda, marar hali ya yi godiya.

Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, ga ƙaramar murya, har mijinta Papa Lokuli yakan ce sauro ya fi ta amo. Shi kuwa in ya yi atishawa a gona ana ji a bakin ruwa. Ya girme ta da shekara goma sha biyar, yana ɗana tarko, yana kamun kifi in ruwa ya janye. Ita kuma kwanga take yi: ta jiƙa rogo a rafi kwana huɗu, ta daka, ta naɗe a ganye, ta dafa, ta kai wa fasinjojin jirgin ruwa.

Haihuwa huɗu ta yi, ɗaya ta tsaya mata, mace, Bolumbu. Yarinyar na da shekara goma sha bakwai ƙanwar Lokuli ta zo ta tafi da ita birnin Mbandaka koyon ɗinki, wai shekara biyu. Biyu ta zama takwas. A can ta auri wani mai gyaran injin jirgi, a shekarar da ruwa ya ƙafe har aka yi wata biyu jirgi bai taso ba, don haka ko bikin Ekila ba ta gani ba. Sai wasiƙa, sau biyu ko uku a shekara. Ekila ba ta karatu, Lokuli ke karanta mata, yana ƙara gishiri.

"Ta ce a gaida babanta da kyau, shi ta fi kewa."

"Ƙarya kake yi, tsoho. Nuna mini wurin."

"Ga shi nan, ai kin iya, karanta."

Duk ranar da aka jiyo ƙarar inji daga ƙasan kogi, Ekila ce ta farko a gaɓa da tiren kwanga a ka. Hannunta na miƙa kwanga, idonta na kan matan da ke saukowa. Ta san ba a ce mata kowa na tafe ba. Amma sai ta ga mace ta ƙarshe ta taka ƙasa sannan hankalinta ke dawowa kan ciniki.

A shekara ta takwas wasiƙa ta zo, Lokuli ya karanta bai ƙara komai ba. Bolumbu na da ciki, a gida take so ta haihu, za ta taso da jirgin da ya samu. A ƙarshe ta rubuta: Mama, ina so hannunki ya fara taɓa shi.

Tun daga ranar Ekila ba ta zauna ba. Ta yaɓe bangon ɗaki, ta saƙa sabuwar tabarma, ta cika ratayar kan murhu da kifi banda. Abu ɗaya ya rage. Bolumbu tana ƙarama ba abin da take so kamar naman kurege a miyar ganyen rogo, har takan lashe kaskon. Tarkon Lokuli kuwa kamar an yi masa baki, mako biyu ko ɓera bai kama ba. Wata safiya Ekila na dawowa daga gona sai ta ga kurege kwance a gindin kwakwar manja, matacce, ko sandarewa bai yi ba, kuma babu rauni a jikinsa. Ta tsaya. Ta tuna Bofenda, malamin asibitin yankin, ya taɓa tsayawa a coci bayan addu'a ya ce duk dabbar da aka tsinta a mace, ko tana layi kamar mai maye, kada a taɓa ta, ta nan ƙyandar biri ke shiga gida. Kunne ya ji, amma zuciya tana Mbandaka. Ta ɗauka ta jefa a kwando. A gida ta feɗe shi da hannunta, da yankan wuƙar rogo a babban yatsanta, ta ɗora a rataya a kan hayaƙi.

Kwana goma bayan haka zazzaɓi ya kayar da ita, da ciwon kai da ciwon baya, ga kaluluwa a wuya. Ta ce gajiyar aiki ce. Kwana uku sai ƙuraje suka feso a fuska da tafin hannu. Lokuli bai yi shawara da ita ba, ya aika aka kira Bofenda.

Ya zo a kan keke, ya tsaya a waje ya sa safar hannu, ya rufe hanci da baki, sannan ya shiga. Bai daɗe yana dubawa ba.

"Mama Ekila, me kika taɓa?"

Lokuli ya ɗaga kai ya kalli rataya, Bofenda ma ya bi idonsa.

"Na Bolumbu ne," in ji ta.

"Tarko ne ya kama?"

"Tsinta na yi."

Bofenda bai yi faɗa ba. Ya ce a tona rami a binne naman. Ya ce ta koma ɗakin girki na bayan gida ita kaɗai, da kwanonta da kofinta da tabarmarta da zannuwanta, kada kowa ya yi amfani da su. A wanke zannuwan da ruwan zafi da sabulu, kada a kakkaɓe su, a shanya a rana. Ta rufe ƙurajen da ƙyalle mai tsabta, kada ta yi susa, kada ta kai hannu ido. Mutum ɗaya tak zai riƙa shiga wurinta.

"Ga ni," in ji Lokuli, ya naɗe hannun riga ya nuna tabon lambar agana da aka yi musu tun suna yara. "Mu na da ne, an gama da mu tun tuni."

"Tabon nan yana taimakawa, Papa, amma ba sulke ba ne. Ga safar hannu. In ta ƙare ka sa leda. Ka ɗaura ƙyalle a hanci, ka wanke hannu da sabulu duk fitowa. Kai ma ka daina shiga mutane, in ka ji zazzaɓi ka aiko."

"Har yaushe?" Ekila ta tambaya.

"Har ɓawon ƙarshe ya faɗi, sabuwar fata ta fito. Mako uku, wataƙila huɗu."

"'Yata na kan hanya."

"Na ji. Shi ya sa zan gaya miki ba ɓoyo. Ciwon nan mai ciki ya fi yi wa illa, ita da abin da ke cikinta, sai ƙananan yara. In kina son jikan nan, kada ki bari ta matso."

Kwana shida da fitowar ƙurajen aka jiyo inji. Ekila na kwance, bakinta duk miki, ta ji ƙarar tun tana nesa, ta ji yadda ta canza da jirgin ya juyo gaɓa. Jikinta ya miƙe da kansa, har ta kai hannu inda take ajiye gammo. Sai ta koma ta zauna. Amba, matar ƙanen Lokuli, ita ta je tarye.

Lokuli ya riga ya shimfiɗa doguwar gora a tsakar gida, taku ashirin daga ƙofar ɗakin girki. Ekila ta jiyo hayaniyar mata, ta jiyo wata murya da ta sani amma ta yi kauri, tana cewa, "Ina take? Ku sake ni, ina take?" Ta ja zane ta rufe fuska, ta bar ido kaɗai, ta fito bakin ƙofa.

Mace ce cikakkiya a tsaye, ciki ya yi gaba, da kitso irin na birni. Yarinyar da ta tafi siririya ce kamar sillen kara. Amma tsayuwar, ƙafa ɗaya a karkace, ita ce dai.

"Mama!"

Ta ɗaga ƙafa za ta tsallake gorar. Lokuli ya daka tsawa daga inda yake, Amba ta riƙe ta ta baya.

"Tsaya nan," in ji Ekila. Muryar ba ta kai ba. Lokuli ya maimaita.

"Shekara takwas, Mama. Mako biyu ina kan ruwa. Ko hannunki kawai."

"Hannun ne ma babu dama."

"To buɗe fuskar in gani."

"Ba yau ba."

Bolumbu ta zauna a ƙasa daɓas ta fashe da kuka. Ekila ta tsaya riƙe da bakin zane. Ta san inda ake dafa yarinyar nan in tana kuka, a bayan wuya, a shafa zuwa kafaɗa. Ta ga Amba ta dafa ta a ka, ba nan ba ne.

A gidan Amba Bolumbu ta sauka. Kullum da hantsi sai ta ɗauko kujera 'yar tsugunno ta zauna bayan gora, Ekila ta zauna a bakin ƙofa. Abinci a ganye Amba ke ƙunsowa ta ajiye a kan kututture, Lokuli ya ɗauka, a ci a ƙona ganyen, don kada kwano ya je ya dawo. Hira kuwa sai Lokuli ya yi musu tafinta, don muryar Ekila ba ta tsallake taku goma, balle da miki a baki.

"Ce mata ta daina ɗaukar ruwa daga rafi."

"Ta ce ki daina ɗaukar ruwa, kuma ki saya wa babanki taba!"

"Papa, ai na ga bakinta, maganar ba ta kai tsawon haka ba."

"Ke ma kin zama uwarki."

Duk abin da suka faɗa rabin Bosenge na ji. Don haka hirar ba ta wuce farashin kifi a Mbandaka, da wanda ya mutu, da wadda ta yi aure. Abin da Ekila ta tara shekara takwas ba na ɗaga murya ba ne. Mijin nan yana da kirki? Yana ɗaga miki hannu? Kina ƙoshi? Me ya hana ki zuwa? Irin maganar da ake yi ana tsefe kai, baki kusa da kunne. Sai ta haɗiye, ta ce, "Kin ci abinci?"

Ƙurajen suka cika da ruwa, suka yi mugunya, ƙaiƙayi kamar ta cire fatar. Lokuli ya yanke mata farce, yana dafa ruwan gishiri tana kurkure baki, yana dama mata kunun masara mai ruwa-ruwa. Mutumin da bai taɓa wanke ko hularsa ba, ga shi durƙushe gaban baho da leda a hannu yana cuɗa zane.

"In ka kakkaɓe zanen nan sai na gaya wa Bofenda."

"Mace tana kwance tana mulki. Da na sani da kuregen na aura."

Ran Lahadi ta biyu kowa ya tafi coci, gari ya yi tsit, Lokuli ya zaga duba tarko. Bolumbu ta zo ta zauna. A shirun nan, karon farko, muryar Ekila ta isa ba tafinta. Ta sauke zanen daga fuskarta. Bolumbu ta kalla, ba ta kau da kai ba.

"Ya fi yadda nake zato sauƙi," ta ce.

"Ba ki iya ƙarya ba, gadon ubanki bai bi ta kanki ba. Mijin naki fa?"

"Yana da kirki, Mama. Shiru-shiru ne. Kullum warin man inji."

"To me ya hana ki zuwa?"

Bolumbu ta sunkuyar da kai tana jan layi a ƙasa da tsinke. "Da farko kunya. Na ce sai na sayi keken ɗinki na zo miki da abin hannu. Daga baya kuma... Mama, wannan ba shi ne na fari ba. Shekara biyu da suka wuce na yi wani. Wata bakwai. Namiji. Bai yi kuka ba."

Ekila ta ɗago ta dube ta.

"Ba ki rubuto ba."

"Papa ne zai karanta miki. Kuma na san kin binne uku, ban so in ƙara miki. Wata mata a asibitin ce ta naɗe shi, ko wanka ba a yi masa ba. Tun ranar na ce in Allah Ya sake ba ni, gida zan zo."

Ekila ba ta san ta miƙe ba. Ta yi taku ɗaya, biyu, biyar. Bolumbu ta ɗago, ta buɗe hannuwa, ba ta ce zo ba, ba ta ce tsaya ba. Babu kowa a garin, ba wanda zai sani. Sai Ekila ta dubi tafin hannunta, ɓawo baƙi-baƙi, wasu har yanzu da danshi. Ta dubi cikin. Ta tsaya a nan tsakiyar fili, rana na dukanta, ta harɗe hannuwan a ƙirji ta matse.

"Sa hannunki a bayan wuyanki," ta ce. "A'a, ƙasa kaɗan. Yawwa. Shafa zuwa kafaɗa. Ni ce."

Haka suka yi kuka, kowa a wurinta, har aka jiyo waƙar tashi daga coci.

Naƙuda ta zo a kwana na goma sha tara da fitowar ƙurajen, da hantsi. Gidan Amba na bayan ayaba, ba a hango shi, amma ana jin komai. Ekila ta kasa zama ta kasa tsayuwa, tana kai da kawo tsakanin murhu da ƙofa. Rana ta take tsaka, ta karkata. Sai shiru, irin shirun da ta sani, ta dafa bango. Sannan kuka ya tashi, siriri, mai faɗa.

"Mace ce!" wata ta ƙwala. "Lafiya lau, ita da uwar!"

A duk Bosenge wannan ne lokacin da ake cewa a kira Mama Ekila. Ta ji wata ta fara faɗa don sabo, ta katse. Sai ga muryar Amba tana cewa a miƙo ruwa.

Abin da ya faru daga nan har yau ana ba da labarinsa. Matar da ba a taɓa jin ta daga ɗaki zuwa ɗaki ba ta buɗe baki, muryar ta tsallake ayaba.

"Amba! Da gwiwar hannu ake gwadawa, ba da yatsa ba! Kin wanke hannu da sabulu?"

"Na wanke, Yaya!"

"Tallafe wuyan! Kada ruwa ya taɓa cibiya! Bayan kunne, Amba, kullum kina manta bayan kunne!"

"Yaya, na haifi shida fa!"

"Ni na wanke miki su duka!"

Matan da ke ɗakin suka kwashe da dariya, har mai jego. Lokuli ya ce shekara talatin yana zaune da ita bai san tana da wannan maƙogwaro ba, ashe rowa take yi masa.

Washegari Amba ta kawo jaririyar bayan gora ta ɗaga ta. Daga taku ashirin ba abin da Ekila ta gani sai ƙunshin zane da ɗan baƙin gashi. Ta tambayi kamannin wa ta ɗauko, aka ce hancin Lokuli, ta ce Allah Ya kyauta. Aka sa wa yarinya Ekila.

Ɓawon ya yi ta zuba, tana tattarawa a ganye tana jefawa a wuta kamar yadda aka ce. Na fuska ya tafi, na ƙafa ya tafi. Guda ɗaya ya ƙi, a babban yatsa, daidai inda wuƙa ta yanke ta. Kwana tara tana kallonsa safe da yamma. Da farce ɗaya za ta iya ɓamɓare shi, ta kuma san Bofenda ba ɓawon yake nema ba, fatar da ke ƙasa yake nema. Ta bar shi. Tana jin kukan takwararta daga bayan ayaba, har ta iya bambanta na yunwa da na barci, ba ta taɓa jin nauyinta ba.

Ranar da ya faɗi Bofenda ya zo ya duba ta tun daga tsakar ka har tsakanin yatsun ƙafa, ya leƙa baki. Ya ce a ƙona tabarmar, a tafasa zannuwan, a wanke ɗakin. Ta yi wanka da sabulu ta ɗaura zanen da Bolumbu ta kawo mata.

"Ni fa?" in ji Lokuli.

"Kai jiya ma ka taɓa kayanta, Papa. Ka ƙara mako uku kafin ka ɗauki jaririya. In ba zazzaɓi, shi ke nan."

"Wato mai ciwo ta wuce, mai jinya ya zauna?"

"Zan riƙa gaya maka yadda take," in ji Ekila. "Zan ƙara gishiri."

Ta tsallake gorar. Bolumbu na tsaye da jaririya a kafaɗa, Ekila ta miƙa hannu biyu za ta karɓa. Sai Bolumbu ta juya ta miƙa wa Amba 'yar, ta faɗa jikin uwarta da dukan nauyinta, har suka yi taga-taga. Kanta na warin hayaƙi da manja da nono. Sun daɗe a haka, jaririyar na ta tsala kuka ba wanda ya kula.

Wata biyu suka yi tare. Ekila ta yi wa takwararta wanka safe da yamma, ba ta bar wa kowa ko sau ɗaya ba. Lokuli ya cika kwanakinsa lafiya, ya ɗauki jikarsa, ta yi masa fitsari a riga. A duk Bosenge ba wanda ya kamu bayan Ekila. Sannan jirgi ya zo, mijin Bolumbu ya aiko cewa ɗinki ya taru, suka tafi.

Yanzu shekara uku ke nan. Tabo ya zauna mata a goshi da kumatu, ba ta rufewa. Tana nan tana wankan jarirai, sai dai kafin ta taɓa jinjiri takan tambaya ko akwai mai zazzaɓi ko ƙuraje a gidan, in akwai ta sa a raba musu ɗaki, ta aika wa Bofenda. Wasiƙar da ta zo a watan jiya ta ce ƙaramar Ekila ta iya gudu, ta iya zagi, kuma tana tsoron akuya. Ekila ba ta taɓa wuce garin Boende da ke kusa da su ba a rayuwarta, amma ta gaya wa Lokuli in ruwa ya cika bana za ta shiga jirgi zuwa Mbandaka.

"Ke da ko kwalekwale ya girgiza sai kin kira sunan kakarki?"

"Mako biyu ne kawai."

"Wa zai dafa mini abinci?"

"Ka iya kunu," ta ce, ta ci gaba da ɓare rogonta.